Sun Yi wa Kekunana Fenti

…kuma kore. Duk launukan da Allah ya halitta, kore ka zaɓa, Tanko — irin wanda ake shafa wa ƙofar shago. Ga su nan jere a zaurena suna ƙyalli, warin fenti ya danne turaren da aka kunna don dawowata daga Makka. Kekunana.

"Alhaji, an dawo lafiya?" Lafiya lau. Miƙa hannu, miƙa dabino, miƙa ɗan kofin zamzam. Wani ya fita, wani ya shigo, kowa sai ya tsaya ya yaba: kai, Sharfaddeen ɗan albarka ne, ya gyara gidan ubansa, ko tsofaffin kekunan bai bari ba…

Shi ban ga laifinsa ba — a'a, na gani, amma kaɗan. Al'ada ce: in mahajjaci zai dawo a shafe bango, a sauya labule. Yaro ne da babur kawai ya sani, ya ga tsatsa ya ɗauka ƙazanta ce. Amma kai fa? Kai da ya kwaso su ya kai maka har rumfarka ta gyaran keke a Ƙofar Gayan, ya ce a mayar da su sabbi? Ba ka da baki? "Bari Malam ya dawo" — wannan ta fi ƙarfin harshenka?

Shekara da shekaru muna zaune a benci ɗaya. Ni na faɗa maka waɗannan ba na kai niƙa ba ne, na hawan dutse ne, 'yan farko-farko, masu kaurin taya, tun ana yin su da ƙarfen gaske. Duk ran da aka sauke gwanjo kai kake aiko mini: Malam, zo, wani ya faɗo. Mu kifa shi, taya sama, mu yi ta karatu — i, karatu. Wannan tambari na wani shago ne a wata ƙasar sanyi. Nan wata yarinya ta karce sunanta da ƙusa a ƙarƙashin sirdi. Yanzu ƙila ta yi jikoki. Nan fenti ya koɗe daidai inda gwiwar mai shi take gogawa — dogo ne, yana karkata hagu. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi. Abin da nake tarawa ke nan. Ƙarfe kuwa ai yana nan zube a bola.

An yi mini dariya, na sani. Malamin lissafi ya yi ritaya, maimakon ya ɗaure awaki sai ya cika zaure da tarkace. Mai ɗakina ma takan ce kaza ba ta da wurin wucewa. Ban damu ba. Mutum ɗaya ya gane a duk cikin ganuwar nan, ya ishe ni.

Na biyu daga ƙofa… da ƙirarsa na gane shi. Ja ne. Ja ne dā.

Keken Wilfred na Wusasa ne, wanda ajinsa ke jikin nawa, yana koyar da labarin ƙasa. Asabar da safe a gindin dutsen Kufena, shi a gaba ni a baya, sai tsakuwa ta kwashe shi — keke ya daki dutse, dogon karce daga wuya har feda, shi kuwa yana kwance cikin ƙaya yana dariya, wai kada in faɗa wa matarsa Abigel. Da ya rasu ita ta turo keken da kanta har ƙofar gidan nan, ta ce ya ce a ba ni. Kana nan ranar, Tanko. Kai ka karɓi kan keken, don ni hannuna ya ƙi.

Ɗazu na faki ido na shafa wurin da yatsa. Sumul. Ka kankare shi har ƙarfe kafin ka fesa. Aiki mai kyau, wallahi — ko ɗigo babu. Da gwaji ne da na ba ka maki cikakke.

'Yan giyoyin nan da ake turawa da babban yatsa, su yi ƙas-ƙas, ina suke? Ka sa na roba. Sirdin fata da ya ɗauki zaman mai shi, ina yake? An ce 'yan jari-bola sun kwashe tun makon jiya. An ce! A kunnena, ana dariya, ana tauna dabinona.

A'a. Ba zan bari ba. Gobe in Allah ya kai mu, sai gaban Mai Unguwa. Daga nan shugaban masu gyaran keke. Ba diyya nake nema ba; ka tsaya gaban mutane ka ce na ci amanar Malam, ka faɗi abin da ka ɓata ɗaya bayan ɗaya, da bakinka. Ɗalibi in ya yi kuskure a ƙasa yake rubuta gyara — wannan kuma a ina za a rubuta gyaransa? Ko an kankare koren, me ke ƙarƙashi?

Mai Unguwa… ai ya zo da hantsi. Ya daɗe yana shafa sirdin roba, yana cewa ma sha Allahu. In je in ce masa me? An mayar mini da tsoho sabo, a bi mini hakkina? Sabon alhaji, ko ƙurar hanya bai kakkaɓe ba?

A Arfa na yafe wa kowa. Da hawaye. Har shugaban makarantar da ya danne mini ƙarin girma. Na sauko zuciyata fes, ashe a daidai lokacin kana nan kana dama fenti…

Kuma ba ka zo ba. Unguwa duk ta zo, ban da kai. Kunya ce? In kunya ce, to ka san abin da ka yi, ka yi shi da ido buɗe. Wannan zan iya kai ƙararsa. Amma in aiki ne kawai ya riƙe ka, in anjima ka shigo kana murmushi, kana jiran in yaba hannunka…

"Haka ne, Malam." Abin da kake cewa ke nan, duk lokacin da na nuna maka wani tabo. Haka ne, Malam — idonka na kan tayar da kake faci. Yadda 'yan aji suke yi: kun gane? Mun gane! Su haɗa baki, su jira ƙararrawa. Ni da na yi rayuwata ina kama masu wannan, ban taɓa juyowa na ce maka, to, maimaita abin da na faɗa ba…

To da wa nake magana duk shekarun nan?

Ga Sharfaddeen ya durƙusa gabana, fenti bai gama fita daga farcensa ba, ashe har da hannunsa. Yana kallon fuskata.

"Baba, ka ga kekunan?"

Na gani. Bakina yana buɗewa, ina jin sa — ba ni na ba shi izini ba — Allah ya yi maka albarka… Suna amin, amin. Wani yana sallama a ƙofa, ban iya ɗaga kai in ga ko kai ne ba…