Ba Zan Dangwala Ba

"Me take so?" in ji akawun. Muryarsa ta tsallake kan Auta, ta sauka can baya inda Malama, mai koyar da ita, take tsaye.

Malama ba ta ce uffan ba. Tun a mota suka yi yarjejeniya: yau bakinta a kulle yake, ko da ofishin zai kama da wuta.

Auta ta jingina farar sandarta a jikin tebur. "Ga ni nan, yallaɓai. Idona ne ba ya gani, kunnena lafiya lau. Fom ɗin jarrabawa na kawo."

Ƙarfe sha biyu za a rufe karɓa, wanda ya makara sai baɗi. Agogonta mai magana ya riga ya faɗa mata saura minti ashirin.

Ta ji an turo wani ɗan gwangwani gabanta, warin tawada ya daki hancinta.

"Baiwar Allah, kama mata yatsa ta dangwala," akawun ya ce wa Malama.

 Haka aka yi wa Auta bara. Yayanta ne ya cike fom, ya kama yatsanta ya danna, ba wanda ya karanta mata komai. Ranar jarrabawa aka ajiye mata takarda sumul irin ta masu ido, ta yi awa uku tana shafa ta.

"Ba zan dangwala ba. Sa hannu zan yi. Amma ka fara karanta min layi na tara, wanda ku kuke cikewa."

"Ke 'yar nan, ba kya ganin mutane na jira?" Sai da ya faɗa sannan ya ji abin da ya fito daga bakinsa.

"Ba na gani. Ina dai jin su, kuma kai suke jira."

Wata mata a layi ta tuntsire da dariya. "Karanta mata mana, malam, ƙafafunmu sun gaji."

Auta ta ji takalmin Malama ya matso taku ɗaya. Ta ɗaga hannu ba tare da ta waiwaya ba. Takalmin ya koma.

Takarda ta motsa. Akawun ya yi gyaran murya. "Buƙata ta musamman... ba a rubuta komai ba."

"To rubuta: tambayoyi cikin rubutun makafi, da ƙarin lokaci. In ka gama ka maimaita min."

Ya rubuta, ya maimaita, murya ciki-ciki.

Ta zaro ɗan kwalin da Malama ta yanke wa taga a tsakiya. Wata uku tana koyon sa hannu a cikin wannan tagar, har biro huɗu suka ƙare. "Ɗora min shi a kan layin sa hannu."

Ya ɗora. Ta laluba gefen tagar, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, ba gaggawa. Hatimi ya sauka, tim.

Sai ta ji takardar shaida ta wuce ta saman kafaɗarta, an miƙa wa Malama. Ba wanda ya karɓa. Takardar ta tsaya a iska tana kaɗawa a ƙarƙashin fanka.

Auta ta buɗe tafin hannunta a kan teburin, ta jira.