Ranar da Muka Ƙi Zana Layi

Shekara ashirin da shida ina gyaran ciyawa a babban filin ƙwallo na birninmu, ban taɓa ganin rashin kunya irin ta bara ba.

Saura kwana biyu a buga wasa, manaja ya ba wani mawaƙi hayar filin. Babbanmu a wurin aiki, dattijon da muke kira Baba Mai Tiyo, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarafan dandamali za su huda ƙasa."

"Ciyawa aka ɗauke ka yanka, ba shawara ba," in ji manaja.

Aka yi rawa aka watse, aka bar mana ramuka. Muka cike su da yashi, muka barbaɗa yankakkiyar ciyawa a kai, don mai gyaran fili gara a mare shi da a ga tabo a filinsa. Nan muka yi kuskure, ban ɓoye ba. Ana fara wasa wani ɗan wasan gaba ya zurma cikin rami, ƙafa ta karye. Washegari aka miƙa wa Baba takardar kora. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Muka tafi ofishin ƙungiyar ma'aikata. Sakatare ya ce, "Baba, gargaɗin nan ka rubuta shi?"

"Ɗan nan, ni da ko sa hannu da babban yatsa nake yi?"

"To, babu hujja."

Ranar Asabar, ranar wasa na gaba, muka yanke ciyawa, muka ba ta ruwa, amma babu wanda ya taɓa keken fenti. Alƙalin wasa kuwa ba ya busa usur sai da farin layi. Fili ya cika maƙil, rana na dukan mutane.

Manaja ya sauko yana huci. "Ina layi?"

Na ce, "Mai zana shi ka kora, ranka ya daɗe."

Ya fizgi keken ya tura da kansa. Layi ya fito kamar sawun maciji, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Alƙali ya duba ya ce, "Yallaɓai, ƙwallo za a buga ko gona kake rabawa?"

Dole aka aika mota ta ɗauko Baba. Bai taɓa keken ba sai da manaja ya yaga takardar korar a gabanmu. Sannan ya warware igiyar awo, ya miƙa wa manaja bakinta ɗaya.

"Riƙe nan. Ka durƙusa, kada ta motsa."

Ya kuwa durƙusa.