Layin da Hanifa Ke Tsallakewa

A wani gida da ke kan hanyar fadama a Bakura, mutum uku suka rage bayan rasuwar Malam Maccido: matarsa Inna Jidda, da ɗansa Lukman mai karatu a Talata Mafara, da autarsa Hanifa, wadda ba ta gama ƙaramar sakandare ba. Ba su rasa abinci ba, buhunan shinkafar bara suna nan jingine a ɗaki. Abin da suka rasa shi ne zanen ruwa.

Malam Maccido ya yi shekaru yana auna ruwan da ke gangarowa daga madatsar Bakolori, can wajen Maradun, ta babbar magudanar da ke shayar da gonakin shinkafa. Kowace safiya yakan tsoma sandarsa mai tsaga-tsaga a ruwan, ya dawo ya shigar da lambar a wata tsohuwar kwamfuta. Da kansa ya rubuta ɗan shirin da ke zana awon, da harshen kwamfuta mai suna Python. In ya danna, sai wani shuɗin layi ya fito yana hawa yana sauka, manoma su taru a zaure su duba kafin su yi dashe. Hanifa ce mai riƙe masa sanda.

Bayan an share makoki ta ɗauki sandar ta ci gaba. Tana aunawa, tana shigar da lambobi yadda ta ga yana yi. Amma ranar da ta danna don ta ga zane, babu abin da ya fito sai jan rubutu na Turanci, layi bisa layi. A tsakiyarsu ga sunan mahaifinta tsaye.

Ta rufe kwamfutar. Washegari ta buɗe, ta danna, sunan ya sake fitowa a inda yake. Ta fara jin nauyin shiga ɗakin ita kaɗai. Har in ta tsoma sandar a ruwa sai ta waiwaya, kamar akwai mai tsaye a bayanta yana duba ko ta karanta daidai. A ranta ta yanke cewa Baba ne bai yarda da awonta ba.

Baffa Ukasha, ƙanin marigayin, ya leƙa jan rubutun daga nesa, bai taɓa ba.

"Tun da mai ita ya tafi ta ƙi aiki," in ji shi. "Lukman yana bukatar ta a makaranta. A kai ta shago a wanke ta, ya tafi da ita."

Hanifa ta san abin da ake nufi da wankewa. Za a goge komai, awon Baba na shekaru da nata duka.

Akwai wata Malama Asma'u mai koyar da kwamfuta a Talata Mafara, ita ta koya wa Malam Maccido wannan aikin. Hanifa ta kira ta da ƙaramar wayar Inna, wadda ba ta ɗaukar hoto. A gidan duka kuma ba inda waya ke kamawa sai bakin tagar ɗakin da Inna ke zaman takaba. Suka gaisa, Malama ta sake yin ta'aziyya, ta tambayi Inna da haƙuri, sannan ta ce a karanto mata jan rubutun daga sama har ƙasa.

Hanifa ta yi ta karantawa, wata kalmar harafi-harafi. Da ta iso layin mai sunan, sai ta tsaya. Ɗiya ba ta kama sunan ubanta. Ga Inna zaune da carbi a gefenta, matar da tun aurenta ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Hanifa ta tsallake layin ta ci gaba.

"Abin da na fahimta," in ji Malama, "mai yin zanen, matplotlib, tsoho ne. Ba ya aiki sai da abokinsa mai lissafi, numpy, shi ma tsoho. To yana cewa an kawo masa sabo." Ta sa Hanifa ta buɗe babban ma'ajin Python ta duba. Tsohon numpy na nan lafiyarsa lau. Malama ta ce, "Akwai sabo ɓoye wani wuri. Ɗiyata, kin karanto mini duka?"

"Duka, Malama."

"To ki kawo mini ita ranar kasuwa."

Baffa Ukasha ya yarda, don dama zai kai awaki. Amma ya ce in abin bai yiwu ba, daga can sai shago. A mota Hanifa ta rungume kwamfutar cikin hijabinta, tana jin sanyinta a ciki har suka sauka a Talata Mafara.

Malama Asma'u ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta aika a kira Lukman daga aji. Sannan ta danna. Jan rubutun ya zubo. Ta bi shi da yatsa a hankali, yatsan ya tsaya.

"Wanga layi ba ki karanto mini shi ba."

Hanifa ta sunkuyar da kai. "Sunan Baba ne. Kuma Inna na zaune."

Malama ta daɗe tana kallon ta. Ba ta yi faɗa ba. "Ya kamata in tuna da hakan," ta ce. "Matso ki gani. Ba sai kin furta ba, ki bi da ido."

Ta nuna mata cewa layin adireshi ne kawai. Kwamfuta tana ware wa mai ita ɗaki da sunansa, kuma in tana neman kayan aiki, nan take fara dubawa kafin ta je babban ma'aji. A cikin ɗakin nan mai sunan Malam Maccido sabon numpy yake zaune. Kullum shi ake fara samu, tsohon mai zanen kuwa ba ya jituwa da shi.

Lukman ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta. Da ya ji zancen ya ce, "Ni fa ban taɓa kayan Baba ba. Aikin makaranta kawai na yi da ita lokacin zaman makoki. Abu guda na sauke daga intanet."

"Abu guda, shi kuma ya jawo 'yan rakiya," in ji Malama. "Ka sauke baƙo a ɗakin Malam ba ka faɗa wa kowa ba, ka bar ƙanwarka da tsoro."

"Ita ma da ta tambaye ni."

"Kai da ba ka ɗaga waya sai in Inna za ta aiko da kuɗin mota," in ji Hanifa, ba ta ɗago ba.

Malama ta yi murmushi. Ta fitar da sabon daga ɗakin Malam. Ta gina wa Lukman wurinsa daban ta zuba masa sababbin kayansa, ta gina wa aikin ruwa nasa da tsofaffin, yadda ba mai shiga na wani. Ta kwafe awon duka a filas, ɗan ma'ajin da ake sokawa a jikin kwamfuta, ta damƙa wa Hanifa. Ta ce ita za ta yi wa Baffa bayani, kwamfutar tana iya yi wa mutum biyu aiki ba sai an wanke ta ba.

"Danna," ta ce.

Hanifa ta danna. Shuɗin layin ya fito, damina da rani, damina da rani, yana tafiya yadda ta saba ganinsa. Can kusa da ƙarshe ya yanke. Fili ne fari, daga ranar da Baba ya kwanta ciwo zuwa ranar da ta ɗauki sandar. Bayan filin layin ya sake tashi, gajere, kusan daidai inda ya tsaya. Lukman ya juya ya fuskanci bango.

"Malama, ba a iya haɗe su?" in ji Hanifa.

"Ana iyawa. Amma ba wanda ya auna ruwan kwanakin nan. In muka ja layi, mun faɗi abin da ba mu sani ba. Malam ba zai so haka ba."

Hanifa ta ɗora yatsa a kan farin filin, ta kai shi kan nata layin. A nan ta gane cewa Baba bai ƙi awonta ba, kuma wannan gurbin haka zai zauna ba a cike shi ba.