Riguna Biyar na Mika'ilu

Sau biyu ke nan Mika'ilu yana fita ranar Lahadi tare da 'yan kulob ɗin keke na unguwarsu a Saint-Fons, sau biyu suna barin shi a baya. Shugaban kulob bai ɓoye masa ba: idan bai iso tare da jama'a a wannan karon ba, babu shi cikin masu tafiya Paris a kan keke a watan Afrilu.

Abin ya ɗaure masa kai, domin a ɗaki ba shi da na biyu. Yakan kafe ƙafar keken ta baya a kan ƙarfen atisaye, ya rufe taga, ya ƙure na'urar ɗumama ɗaki, ya yi ta tuƙi awa biyu tamkar yana tsakiyar Damagaram da bazara. A kan titi kuwa, da an ci kilomita talatin sai jikinsa ya mutu, haƙoransa su hau kaɗawa.

Da safiyar Lahadi, kawunsa Ilya, wanda ya shekara ashirin yana zuwa masana'anta a kan keke, ya tare shi a ƙofa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, keke za ka hau ko gwanjo za ka kai kasuwa? Riga nawa ke jikinka?"

"Biyar, Kawu. Ana sanyi."

"Tuɓe uku."

"Kashe ni za ka yi, Kawu?"

"Gumi ke kashe ka, ɗan jami'a. A gida in sanyi ya zo, bargo muke ƙarawa mu zauna bakin wuta. Kai kuwa tudu za ka hau, ka jiƙe sharkaf, ka gangaro iska ta daskarar da kai. Fita kana jin sanyi, ƙafarka za ta hura maka wuta."

Ya miƙa masa tsohuwar jarida, ya ce ya cusa ta a ƙirji kafin gangara.

Zouera, matar Kawu, ta leƙo daga kicin. "Malam, in ya dawo da mura, kai za ka dafa masa citta."

"Na yarda," in ji Kawu, ya juyo ga Mika'ilu. "Allez, maza kama hanya."

Mika'ilu ya tuɓe riguna uku, ya fita. Minti goma na farko ya yi su ne yana nadama, yatsunsa kamar ba nasa ba. Sannan ɗumi ya taso masa daga cinyoyi, ya bi bayansa sannu a hankali. A kan tudu ya ji numfashinsa ya daidaita da na mutumin da ke gabansa, ya ga gonakin inabi tsirara cikin hazo, waɗanda bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba. Ya cusa jaridar, suka gangara, iska tana dukan takarda tana komawa.

A bakin gadar da suke rabuwa ya tsaya a tsakiyar 'yan kulob ɗin, yana murmushi shi kaɗai. Shugaban ya dafa kafaɗarsa.

"Kwana huɗu ce tafiyar Paris," in ji shi. "Ka fara sabawa da sirdi."