Ɗigo Uku na Ja

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo? To ga ta, sai dai babu Gizo a cikinta. A layinmu na Tudun Ƙofa aka yi ta.

Malam Husaini mai fenti ya tsaya riƙe da kekensa, yana kallon maƙwabcinsa Raimi tsugune a bakin get ɗin makarantar yara ta Madam Priskila, yana juya fenti a bokiti da guntun sanda. Gwangwani huɗu ne a gabansa kamar kullum: ja, shuɗi, rawaya, sai fari. Raimi bai taɓa sayen kore a kanti ba, da hannunsa yake haɗawa. Wannan koren kuwa shi ya hana Husaini sakat shekara ashirin da wani abu.

Kore ne mai natsuwa, kamar ganyen mangwaro bayan ruwa ya ɗauke. Husaini ma ya san shuɗi da rawaya ke ba da kore, wa bai sani ba? Amma nasa in ya bushe sai ya fito shar kamar alewar yara. Mutum zai taso tun daga Gitata ko Panda, ya yi sallama a ƙofar Husaini, a gaisa har a tambayi iyali, sannan ya ce don Allah ina ne gidan Bayaraben nan mai kore. Ranar da Zubaidatu matar Husaini ta ce ko za a roƙi Raimi, wato Baban Busayo, ya shafa musu ƙofar ɗaki, kwana biyu Husaini bai ci tuwonta ba.

To a wannan rana Raimi ya rame, ciwon suga ya fara cin idonsa, bai kuma gaya wa kowa ba. Ya zuba shuɗi, ya juya, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har fentin ya koma kamar ruwan rini da ya kwana. Sai ya ɗaga sandar.

"Malam, rana ta kashe min ido. Duba min, ya yi?"

Husaini ya duba. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin wanda ya daɗe yana jira.

"Ya yi mana, Baban Busayo. Wa zai gyara maka kore?"

Ya hau kekensa ya wuce.

Get ya bushe, ya fito dulum, babu kyan gani. A teburin mai shayi aka fara cewa hannun Raimi ya gaza. Madam Priskila ta ce ita dai ba za ta kai wa marar lafiya ƙorafi ba. Wani ya dafa Husaini ya ce tunda Raimi ya tsufa, ai dole yanzu a koma wurinsa. Wannan "dole" ɗin ita ta ɓata masa shayin.

Ba a yi mako biyu ba Raimi ya kwanta. Husaini ya yi ta ɗaga zuwa dubiya, sai da Zubaidatu ta ce masa katanga ɗaya ce fa tsakaninsu, mutane na gani. Bayan la'asar ya shiga. Maman Busayo ta ɗaga masa labule ta koma madafa. Ɗakin na warin magani da kananzir ɗin wanke buroshi. Raimi ya gane shi da murya, ya tambayi get ɗin.

"Maman Busayo ta ce ya yi kyau, amma ita ko me na shafa kyau ne. Kai kuwa ba ka taɓa yabona ba sai ran nan. Tun ranar hankalina bai kwanta ba."



"Shuɗi ya yi yawa," in ji Husaini. "Na gani tun a bokiti."

Raimi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Mugu. To kai kuma tsoron ja kake. Shekara ashirin kana leƙen gwangwanina, ba ka taɓa tunanin me ja yake yi a wurin aikin kore ba? Ɗigo uku a kan sanda. Shi ke kwantar masa da kai."

"Me ya hana ka gaya min tuntuni?"

"Ka tambaya?"

Ranar Alhamis da hantsi Raimi ya cika. Husaini na cikin waɗanda suka ɗauki makara. A hanyar maƙabarta sai da aka bi ta gaban get ɗin nan, ya ji wani a baya yana cewa ƙasa-ƙasa, Allah sarki, ga aikinsa na ƙarshe.

Ran Lahadi, makaranta a rufe, Madam Priskila na coci, Husaini ya karɓo gwangwanayen nan huɗu daga hannun Maman Busayo. Ya zuba rawaya, ya bi ta da shuɗi kaɗan-kaɗan, ya sassauta da fari. Sai ya tsaya da jan a hannu kamar wanda za a yi wa allura. Ya ɗiga uku, ya juya. Kafin a taso daga coci ya gama sake shafe get ɗin. Tunda yake bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, shi ma ya sani.

Washegari yana tsaye a tsallaken titi, mata masu kawo yara suka ja birki a bakin get. Ɗaya ta ce ashe fentin Raimi sai ya kwana biyu yake fito da kyansa. Ɗayar ta ce Allah ya ji ƙansa, an yi mai hannu an gama, sauran duk shafe-shafe suke. Tsohon kishin nan ya taso wa Husaini. Amma ya bar wa Raimi yabon. Madam Priskila ta shinshina get, ta tsallako, ta dubi koren da ke ƙarƙashin faratan Husaini, ta ce masa ina kwana kawai, ta koma ta shige.

Maman Busayo ta gama takaba ta koma Ilori wurin 'yarta. Zubaidatu ta samu an shafa mata koren a ƙofar ɗakinta. Husaini kuwa yana nan yana fenti, har daga Panda ake zuwa nemansa, kowa ya zo sai ya ce koren Raimi yake so. Sai ya ɗaure fuska, ya yi tsaki, ya jawo gwangwanin ja, ya tsoma kan sanda.