Ranar da Halliru Ya Nemi Aibunsa

"Ku faɗa mini aibuna, kada kowa ya ji nauyi," in ji Halliru. Ya gyara zama a kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Masu awo da masu ɗinkin buhu da masu jakuna suna zazzaune a ƙasa, gindin tsamiyar ƙofar gidan Alhaji Babba, kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa.

Halliru bai daɗe da dawowa daga Ikko ba, inda ubansa Alhaji Babba ya tura shi makarantar koyon kasuwanci. Ya dawo da takalmi sau-ciki, da agogo, da wani ɗan tari na ƙasaita da yake yi kafin ya yi magana. Shi kuwa Alhaji tsufa ya cim masa, ya ce kafin gyaɗar bana ta fara shigowa zai miƙa rumfar awo ga ɗayan biyu: ko ɗansa Halliru, ko Ya'u ɗan ƙanwarsa Hansai, wanda ya tashi cikin buhuna. Wanda ma'aikata suka fi yarda su bi, shi ne. Halliru na son rumfar nan kamar ransa, balle tun a Ikko ya riga ya gaya wa abokan karatu cewa shi manaja ne.

A makarantar, wani Bature ya koya musu cewa shugaban kirki yakan tara mutanensa ya tambaye su laifinsa, ya gode, ya gyara. Abin da Baturen bai faɗa ba, don bai taɓa taka Wudil ba, shi ne yadda za ka sa mutumin da ke cin tuwon ubanka ya dubi tsabar idonka ya ce ba ka da kirki.

"Ina jira," in ji Halliru, ya duba agogo.

Gwadabe, dattijon da ke jan ragamar masu jakunan Achika, ya yi gyaran murya. "To, ranka ya daɗe, tunda ka matsa. Aibunka ɗaya ne, haƙuri ya yi maka yawa."

"Ƙwarai kuwa," in ji jama'a.

Ɗantani mai awo ya karɓe. "Ni kyauta na gani. Hannunka a sake yake, har muna ji maka tsoro."

Halliru, wanda ko goro bai raba wa kowa ba tun da ya sauka, ya gyaɗa kai a hankali, ya ce zai yi ƙoƙari ya rage.

Ana cikin haka sai ga Ya'u ya fito daga sito, kansa duk ɓawon gyaɗa. Shi da Halliru taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, saboda haka ko zagi ya fito daga bakin ɗayansu wasa ne, ba mai riƙewa.

"Bawana, me ake rabawa ba a kira ni ba?" in ji Ya'u.

"Aibuna ake nema, bawa, an kuwa rasa."

"An rasa? Ashe ba a nema ba!" Ya'u ya tsaya a tsakiyar fili. "Wane ne ya ɗare kujera, sa'o'in ubansa suna ƙasa? Wane ne ke gaisuwa hannu ɗaya a aljihu, kafin a kai ga tambayar iyali ya yi gaba?"

Dariya ta ɓarke. Halliru ma ya dara.

"Wane ne uwar Ɗantani ta rasu, ya aiko a ce yana da aiki?"

Ɗantani ya yi dariya har sai da ya share ido da bakin riga. Daga can baya wani ya ce, "Ya'u, ka manta hankici!"

"Af, hankici! Ku gaisa, ya juya ya goge hannu, sai ka ce kashin jaki ya taɓa."

"Ka manta ya ce da Baba Gwadabe 'kai tsoho'!" in ji wani.

Haka aka yi ta yi, kowa na jefo wa Ya'u tasa, shi kuma yana sauke wa Halliru a ka. Har Gwadabe, mai maganar haƙuri, sai da ya raɗa masa guda. Halliru kuwa daɗi ya cika shi, don Baturen ya ce in ma'aikata suna dariya a gaban shugaba, to sun sake da shi. Ya ce Ya'u jakin sito ne, aka ƙara darawa, ya sallami taro da godiya.

Ya shiga zaure ya tarar da Alhaji a kan buzu, bayan asabari, yana jan carbi.

"Baba, an gama. Ba wanda ya sami abin faɗa sai shirmen Ya'u."

"Na ji, ai ina nan tun ɗazu." Alhaji ya ajiye carbi. "Gwadabe tun ba a haife ka ba muke tare, bai taɓa ce mini ranka ya daɗe ba. In na yi wauta a gabana yake faɗa." Ya zaro mabuɗin siton rumfar awo daga aljihu ya riƙe a hannu. "In ka fita ka turo mini Ya'u."

Halliru ya fito cike da kunya da baƙin ciki. Ya isar da saƙon ba tare da ya dubi Ya'u ba. Gindin tsamiya ya watse, sai Gwadabe kaɗai yana ɗaure wa jakinsa mangala. Halliru ya cire hannu daga aljihu, ya matsa kusa, ya rage murya.

"Baba Gwadabe, don Allah ka gaya mini. Abin da Ya'u ya faɗa, gaskiya ne?"

Gwadabe ya ja igiya ya ƙulle, ya ɗan russuna.

"Haba, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ai wasa ne."

Ya kora jakinsa ya kama hanyar Achika.