Ɗan Wane Ne Imran

Lawal ya shigo ko takalmi bai cire ba, ya ɗora wayarsa a kan tabarmar da matarsa Bashira ke yankan albasa. Hotonta ne a ciki, tana goye da Imran a bakin mamak, kantin cin abinci na unguwarsu Wangsa Maju a ƙasar da suke baƙunta, da rubutun Turanci a ƙasa.

Madam Nuria ce ta ɗauka, dattijuwar da ke hawan sama da su. A Sifen aka haife ta, ta daɗe da barin gida, tana zaune ita kaɗai cikin littattafai tana yi wa wata jarida rubutu kan addinai. Tana haɗa labarin masu riƙon marayu ne, ta tambayi Bashira ko yaron nata ne. Imran kuwa ɗanta na fari ne. A garinsu Bashira mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta amsa cewa nata ne gaban baƙo. Sai ta sunkuyar da kai, ta ce na 'yar'uwarta ne.

Lawal ya ce wannan kwafin da matar ta turo masa ne, jibi labarin zai fita a kan Imran maraya ne, har jaridun ƙasar nan za su ɗauka, ga shi bizar yaron na hannun hukuma a matsayin ɗansu. In aka ce ɗan wani suka shigo da shi, raba su za a yi kafin a saurare su. Ya ce ya riga ya hau ya yi wa matar bayani, ta ƙi gyarawa. Ta ce ta sha ganin maza suna sauya wa matansu magana, abin da ta ji daga bakin mai labari shi take bugawa.

"Sai ke da kanki," in ji shi. "Kunyar ƙauyenku ba ta da biza a nan."

Bashira ta tashi ta ɗora girki. Albasar ta ƙone a tukunya.

Washegari da hantsi ta saɓi yaron ta hau bene. Madam Nuria ta buɗe ƙofa, tabarau a goshi, ta tambaye ta a hankali ko tilasta ta aka yi.

Bashira ta girgiza kai. Ta kamo hannun matar ta ɗora a kan tabon tiyata da ke ƙasan cikinta.

"Imran," ta ce. "Nawa ne."

Yaron ya waigo yana neman mai kiransa, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.